Farantin da Ya Yi Ƙamshin Ƙasa

A can bayan asibiti, idan ka wuce ɗakin magani ka bi ta gefen wurin wanki, akwai wata koriyar ƙofa da mutane ba sa son daɗewa a bakinta. Ta 'yar tagar da ke jikinta ake miƙa abin da aka ɗiba daga marasa lafiya: jini, majina, fitsari, mugunyar ƙurji, kowanne a kwalbarsa. Mai kawowa yakan miƙa da yatsa biyu yana kau da kai. Mai karɓa kuwa hannu biyu take sawa, ta ɗaga kwalbar wajen haske ta ce, "Sannu da zuwa, baƙona. Bari mu ga ko kai ɗan gidan wane ne."

Ita ce Hanci. Allah ya jiƙanta, ya haskaka makwancinta. Iyayenta sun raɗa mata suna mai daɗi, amma tun tana budurwa aka liƙa mata wannan a ɗakin gwaje-gwajen, har ya bi ta gida. Hancin da ya ba ta suna kuma shi ne ya buɗe wa ajalinta ƙofa.

Gajeriya ce mai jiki, tabarau rataye a wuya da igiya, tana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da ruwa a ka. Farar rigar aikinta kullum a goge take, sai dai maɓallin tsakiya ya daɗe da tsinkewa, ta maƙale wurin da fil, irin mai rufewa ɗin nan da ake kama mayafi da shi. Aminiyarta Tela, mai shagon ɗinki a bakin titin asibiti, ta gaji da magana.

"Ke dai ki kawo rigar nan in sa miki maɓalli. Kina zubar mini da mutunci a gari, a ce ƙawar tela tana yawo da fil a ƙirji."

"Gobe," in ji Hanci. Kullum amsar ke nan.

Idan aka tambaye ta aikinta sai ta ce ita manomiya ce, gonarta dai ba ta fi tafin hannu ba. Ba ƙarya ta yi ba. Farantan roba ne masu murfi, an zuba musu wani abu mai kama da daskararren romo, wani ja saboda jinin tunkiya da aka haɗa shi da shi, wani ruwan ƙasa, wani ruwan hoda. Takan ƙona siririyar waya a wutar gas har ta yi jajir, ta bari ta huce, ta dangwalo abin da aka kawo, ta ja layi-layi a kan farantin kamar mai yin kunya a gona. Sai ta kife shi a akwatin ɗumi, wanda zafinsa daidai yake da na jikin mutum, ta rufe ta tafi gida. Kashegari abin da ido ba ya gani jiya ya hayayyafa, ya yi gari guda.

Ta san su kamar yadda uwa ta san 'ya'yan maƙwabta. Akwai masu fitowa ɗigo-ɗigo launin zinariya, su cinye jinin da ke kewaye da su har wurin ya yi fayau. Akwai ƙanana kamar kan allura, sai an karkata farantin ake ganinsu. Akwai marasa kunya da ke malale faranti duka da zobe a kan zobe, kamar an jefa dutse a kududdufi. Akwai mai rina farantin kore. Takan ɗan taɓo ɗigo guda ta shafa a siririn gilashi, ta gifta shi a wuta, ta zuba masa rini shunayya, ta wanke, ta bi da ja, ta ɗiga mai, sannan ta tura shi ƙarƙashin madubin likita, wanda ke mayar da ƙwayar da ba a gani ta zama abin kallo.

Sau ɗaya tak Tela ta taɓa leƙa madubin, ran da ta kawo mata ɗinki. Ta kanne ido ɗaya, ta ga wasu dunƙule-dunƙule shunayya sun taru kamar nonon inabi.

"Kai! Wannan ai sai a zana shi a jikin atamfa."

"Shi ne ya kumbura ƙafar wani bawan Allah har ta kusa kai cinyarki," in ji Hanci. "Akwai masu jeruwa kamar carbi. Na tarin fuka kuwa siraran sanduna ne jajaye a cikin shuɗi, kamar an karya tsintsiya an watsar. Na amai da gudawa a lanƙwashe yake kamar jinjirin wata. Ba mummuna ko ɗaya a cikinsu, ƙawata, shi ne abin tsoron."

Tela ta ja da baya tana goge ido da gefen mayafi, ba ta ƙara leƙawa ba.

Amma ba madubin ne ya yi mata suna ba. Tsohon da ya koya mata aiki, a zamanin da ba kayan aiki sosai, shi ya nuna mata yadda ake ɗan ɗaga murfin faranti a kai hanci. Yakan ce kafin ta gama rina gilashi hancinta ya riga ya ba ta rabin labari. Haka 'yan zamaninsu duk suke yi, ba wanda yake ganin aibunsa. Sai dai Allah ya ba ta abin fiye da kowa. Mai koren nan, ta ce ƙamshinsa zaƙi-zaƙi ne kamar 'ya'yan itace sun nuna. Mai malala faranti, ƙarnin ruɓaɓɓen kifi. Wani kamar an ƙona sukari a tukunya. Takan ɗaga murfi, ta shinshina, ta faɗi sunan ƙwayar, gwaji ya zo daga baya ya ce haka ne.

A gida ma ba a tsira daga hancin nan ba. Tana shigowa za ta ce wa Auta, 'yarta ta ƙarshe, madarar nan ba za ta kai yamma ba. Mijinta Direba, wanda ya yi ritaya daga tuƙin motar asibiti, ya yi rantsuwa ya fi a ƙirga cewa ya bar taba. Yana sa ƙafa a ƙofar gida za ta ɗaga kai daga tsintar shinkafa.

"Baban Auta, zo nan. Kara nawa?"

"Haba Likita, wallahi kusa da mai sha na zauna."

"To a cikin bakinsa ka zauna ke nan."

Shi kuma sai ya rama da alawar da take ɓoyewa a jaka, don ta daɗe da ciwon suga, an hana ta zaƙi. Ya zaro ɗaya ya ɗaga sama. "Wannan fa? Kusa da mai sha kika zauna?" Haka suka tsufa tare, kowa yana gadin laifin ɗan'uwansa.

Daga baya aka kawo sabon ma'aikaci, Dogo, magidanci mai sanyin hali wanda ya samu horo na zamani. A lokacinsa aka girka akwatin gilashi a kusurwar ɗakin, mai fanka a ciki da ke zuƙe iska. Mutum ya zura hannu ya buɗe faranti a ciki, duk abin da ya tashi ba zai iso fuskarsa ba. Ran da Dogo ya fara ganin ta kai faranti hanci, sai da gilashi ya kusa suɓuce masa.

"Yaya, don girman Allah ki daina. An hana wannan. Wata rana za ki shaƙi wanda ba ya yafiya."

"Ƙanina, tun kana rarrafe nake gaisawa da su. Sun san ni, na san su."

"Waɗanda kika sani ba su nake tsoro ba."

Ta yi dariya ta ce ya cika tsoro kamar sabuwar kaza. Ya ci gaba da faɗa, ta ci gaba da yi, sai dai takan jira ya juya baya.

Wata shekara damina ta yi ƙarfi har ruwa ya kwanta a gonakin bakin kogi. A cikinta aka kawo wani manomi kwance a bayan mota, ƙafafunsa duk faso, taɓo ya bushe a ciki, jikinsa kamar garwashi, yana tari. An yi masa maganin zazzaɓin sauro, ba sauƙi. An nemi tarin fuka a majinarsa, ba a gani ba. Sai aka ɗebi jininsa aka aiko ta tagar koriyar ƙofa. Jinin ya zauna a kwalbar romo har ruwan ya gurɓace, alamar akwai mai rai a ciki, Hanci ta shuka shi a jan faranti.

Safiyar farko ɗan hazo kawai ta gani a kan layukan. Ta mayar. Da ta sake fito da shi, ɗigo-ɗigo ne farare masu santsi, da wani ɗan ƙyalli kamar na murfin gwangwani. Ta juya shi a hannu. Bai yi kama da kowa ba sosai, kuma ya ɗan yi kama da kowa. Dogo ya fita kai sakamako. Akwatin gilashi yana can kusurwa yana gurnani shi kaɗai, ba nisa, amma hannunta ya riga tunaninta. Ta ɗaga murfin ta sunkuya.

Ba ɗoyi ta ji ba. Ƙamshin ƙasa ne, irin wanda ke tashi idan ruwan farko ya sauka a busasshen tsakar gida. Nan take ta ga kanta yarinya, ita da mahaifiyarta suna rige-rigen kwashe shanya, ɗigon ruwa yana dukan kwanon rufi. Duk tsawon aikinta faranti bai taɓa yi mata irin wannan ƙamshi ba. Ta lumshe ido ta sake ja, a hankali, har sai da ta ji ya cika mata ƙirji.

"Yaya!"

Dogo ne a bakin ƙofa. Ta rufe murfin da sauri kamar yarinyar da aka kama da hannu a tukunya.

"Kwantar da hankalinka, datti ne kawai. Ƙasar gona ce ta biyo jinin, ba su goge fatar da kyau ba kafin su soka allura. Ƙamshin ruwan sama ma yake yi."

Dogo ya matso. Ya tsaya a kanta har ta rina gilashi ta sa a madubi. Ta murɗa, ta murɗa, hoton ya fito. Ƙananan sanduna ne ruwan hoda, kowanne kansa biyu sun sha rini sun yi duhu, tsakiya kuwa fari fat. Ta dubi ƙirjinta, ta sake duban madubin, ta tuntsire da dariya.

"Zo ka ga, gwangwanin fil ɗin Tela ne ya zube a nan."

Ya sunkuya ya duba. Ya daɗe bai ɗago ba. Da ya ɗago bai yi dariya ba. Ya sa safar hannu, ya ɗauki farantin kamar mai ɗaukar ƙwai, ya kai akwatin gilashi, ya naɗe bakinsa da filasta zagaye biyu.

"Mene ne?" ta tambaya.

"Ban sani ba tukuna. Na dai taɓa ganin hoton mai kama da shi wajen horo. Sau nawa kika shaƙa?"

"Sau ɗaya," in ji ta. Sannan ta ce, "Biyu."

Manomin bai kai ga jin sakamako ba, kashegari da hantsi aka rufe masa fuska. Faranti kuwa ya ci gaba da rayuwarsa a akwatin ɗumi. Kowace safiya Hanci takan leƙa shi ta saman murfi. Ɗigon da suka fito da santsi suka fara bushewa, suka yamutse, tamoji ya ja musu layi daga tsakiya zuwa baki kamar fuskar tsohuwa. A faranti na biyu Dogo ya jera 'yan takardun magani don ya ga wanne zai kore shi. Da yawa daga cikin waɗanda aka saba dogaro da su, ƙwayar ta tsiro har bakinsu, ta kewaye su, ba ta ko matsa ba.

Aka aika da samfurin babban ɗakin gwaji na birni. Da amsa ta zo ta waya, Hanci tana wanke hannu, tana jin muryar wata mata tana fitowa daga wayar Dogo. Ba ta fara da sunan ƙwayar ba. Cewa ta yi, "Wa ya buɗe farantin? A ina aka buɗe shi? Akwai mai ciwon suga a cikinku?"

Ruwan famfo ya yi ta zuba a hannun Hanci, ta manta ta rufe.

Dogo ya zaunar da ita ya yi mata bayani da murya ƙasa-ƙasa. Ƙwayar a cikin ƙasa da ruwan taɓo take zaune. Takan shiga ta faso ko ta numfashi. Mai ƙarfin jiki sau da yawa ba ta yi masa komai, amma mai ciwon suga shi take so. Tana iya tashi da wuri, tana kuma iya lafewa a jiki ta yi shiru, sai mutum ya manta. Likita ya rubuta mata ƙwayoyin rigakafi, ya ce ta sha na makonni, kada ta tsallake ko ɗaya.

Ta fara sha da gaske. Amma maganin bai karɓe ta ba. Cikinta ya riƙa juyawa, abinci ya ƙi zama, ƙuraje suka feso mata a wuya da hannu, sugarta ta rikice. Kafin ta kai rabi ta ajiye. Ba ta gaya wa Dogo ba, ba ta gaya wa Direba ba. Tela ce ta gano, ran da Hanci ta zauna a bencin shagonta ta ce ta miƙo mata tabarau a jaka, hannun Tela ya ci karo da katin magani cike.

"Wannan fa? Ba shi ne aka ce kada ki tsallake ba?"

"Ya kusa kashe ni, ƙawata. Dubi wuyana."

"To ki koma a canza miki wani mana! Ke da kike cikin asibitin?"

"Shekara nawa ina shaƙar waɗanda suka fi wannan muni? Ga ni nan garau."

"Wallahi in ba ki koma ba ni zan je in tona miki asiri wajen Dogo."

"Zan koma, sarauniyar faɗa. Gobe."

Tela ta yarda, don ta saba da goben nan, kuma ba ta taɓa ganin ta kashe kowa ba.

Bakin Hanci ne kawai yake cewa garau. Tun daga ranar wayar nan ba ta ƙara kai faranti hanci ba. Takan ɗauka, hannunta ya ɗaga da kansa, sai ta tsaya cak ta nufi akwatin gilashi. A gida da hadari ya haɗo za ta tashi ta rurrufe tagogi, ita da ta saba fita ƙofa ta tari ruwan farko. Auta ta ce, "Umma, zafi fa ake yi." Ta ce a bar su a rufe. Duk da haka ƙamshin yakan same ta. Takan ji shi a matashin kai, a kofin shayi, a tafin hannunta bayan alwala. Ta tambayi Direba ko yana jin wani abu, ya shinshina iska ya ce shi dai ƙamshin miya yake ji.

Kwanaki suka tafi, ruwa ya ɗan ja baya. Ƙurajen suka warke. Har ta fara sakin jiki, ta koma tsokanar Dogo, ta koma satar alawa. Sai wani yammaci ta ji sanyi yana ratsa ta alhali kowa na gumi. Ta ce mura ce. Direba ya ce sauro ne, ya sayo magani. Zazzaɓin ya tafi, ya dawo, ya tafi, ya dawo da tari. Zanin da take ɗaurawa ya fara yi mata yawa.

Wata safiya tana tsaye a gaban wutar gas tari ya sarƙe ta, ta ruga bayi. Abin da ya fito akwai zaren jini a ciki. Ta tsaya tana kallonsa. Sannan ta dawo ta ɗauki kwalba sabuwa, irin wadda ta miƙa wa dubban mutane, ta koma bayin ta tofa a ciki.

Wannan baƙon ba ta yi masa sannu da zuwa ba. Ta sa takunkumi, ta sa safar hannu, ta zura hannuwa cikin akwatin gilashi. Ta shuka faranti, ta shafa gilashi, ta rina shunayya, ta wanke, ta bi da ja. Ta ɗiga mai har ya zuba a gefe. Ta zauna a gaban madubi, ta gyara kujera, ta goge tabarau, ta sake gogewa. Ta ji motar wanki ta wuce, ta ji wani yaro yana kuka a ɗakin allura. Sannan ta sunkuya.

Da farko hazo ne ruwan hoda. Ta murɗa a hankali. Ƙwayoyin mugunya suka bayyana, manya-manya, sun cika fili, shaidar jiki yana yaƙi. A tsakaninsu, wasu ma a cikinsu, ga su nan. Kai biyu masu duhu, tsakiya fari. Ta ce wa kanta ƙila rinin ne bai kama da kyau ba. Ta matsa gilashin gefe. Suna nan. Ta matsa sama. Suna nan, a warwatse, a natse, kamar masu gida.

Dogo ya shigo da tiren kwalabe, ya gan ta zaune da takunkumi, hannuwa a cinya.

"Yaya, yau kuma ke ce da takunkumi? Samfurin na wane ne?"

"Zo ka duba mini. Idona ya tsufa."

Ya ajiye tiren ya sunkuya. Ta ga wuyansa ya sandare.

"Wani manomin aka sake kawowa? Wane ɗaki aka kwantar da shi?"

"Mace ce. Tana nan kusa da kai, ba a ba ta gado ba tukuna."

Ya juyo ya dube ta. Ya jawo kujera ya zauna a gabanta.

"Maganin fa, Yaya?"

"Ban ƙarasa ba. Kada ka yi mini faɗa, ƙanina, ka yi mai isarka tun da can, ni ce ban ji ba." Ta tashi ta naɗe bakin farantinta da filasta da hannunta, ta kife shi a akwatin ɗumi. "Wannan kada kowa ya gaishe shi." Ta cire farar rigar ta rataye a ƙusa, ta fita ta koriyar ƙofa da ƙafarta.

An ba ta gado kusa da taga. Aka sa mata ruwa, aka riƙa zuba allura mai ƙarfi ta jijiya ba dare ba rana. Likita ya ce ba lallai daga farantin ta ɗauka ba, taɓon unguwa ma zai iya. Ta yi masa murmushi kawai, ta san inda ta ja numfashin nan. Kullum Dogo ya leƙo sai ta tambaye shi gonarta.

"Ta tsiro?"

"Ta tsiro, Yaya."

"Ta fara tamoji?"

Ya sunkuyar da kai. Ta ce, "To. Ai dama tsarata ce."

An yi 'yan kwanaki kamar za ta tashi. Zazzaɓi ya sauka, ta sha shayi, ta aiki Auta ta kawo mata man shafawa, har ta roƙi Tela alawa guda, Tela ta hana ta tana hararar wasa. Sai numfashi ya fara yi mata nauyi, hoto ya nuna abin ya yi gida a huhu da hanta. Aka kawo tukunyar iska.

Wata la'asar Direba ya shigo. Tun da aka kwantar da ita ya koma taba gadan-gadan, a ranar kuwa ya sha har rigarsa tana tashi, Tela tana daga ɗaya gefen gadon ta ji warin. Ya zauna dab da matarsa, ya riƙe hannunta, ya sunkuya yana gyara mata matashi, yana jira. Ta dube shi da kulawa ta ce, "Baban Auta, ka ci abinci kuwa?" Shi ke nan abin da ta ce. Ya amsa da ka, ya tashi ya fita. Tela ta same shi a baranda ya kifa goshi a bango, kafaɗunsa suna rawa.

"Ba ta ji warin tabar ba," ya ce. "Tela, ba ta ji ba."

Safiyar ƙarshe hadari ya haɗo bayan an daɗe ba a yi ruwa ba. Iska ta kaɗa labule, ɗigon farko suka fara sauka a busasshiyar ƙasar bayan taga. Tela ta tashi da sauri za ta rufe. Hanci ta ɗaga yatsa. Tela ta matso da kunne kusa da robar iskar.

"Bar shi. Yana ƙamshi?"

"Yana yi, ƙawata."

"Shaƙa mini."

Tela ta je bakin taga ta tsaya, ta ba ta baya. Ta riƙe numfashinta gam, hawaye yana zuba, ta ɗaga kafaɗu kamar mai ja. Ta juyo ta ce, "Na shaƙa." Hanci ta lumshe ido, fuskarta ta saki. Kafin ruwan ya ɗauke, ta cika, Auta tana riƙe da ƙafarta, Direba yana yi mata kalmar shahada a kunne.

Bayan an share makoki Dogo ya zo shagon Tela da leda a hannu. Farar rigar ce. Ya ce sai da ya dafa ta a tukunyar tururi, inda suke kashe farantai, kafin ya yarda ta fita daga ɗakin. Farantinta ma can ya ƙare. Ya ajiye ledar a kan keken ɗinki, ya yi sallama ya tafi.

Tela ta warware rigar. Tururi ya sa fil ɗin ya yi tsatsa, ya bar tabo ja a daidai ƙirji. Da ƙyar ya buɗu. Ta zazzage gwangwanin maɓallai ta zaɓi fari wanda ya dace da sauran, ta zura zare, ta ɗinka shi da hannu, ta ƙulla, ta ciza zaren. Ta ɓalla maɓallan duka tun daga wuya har ƙasa, ta ninke rigar. Fil ɗin ya rage a tafin hannunta, kai biyu, tsakiya fayau. Ta kai shi bakin gwangwanin sauran filolin, ta fasa. A waje gari ya fara duhu, iska ta taso da ƙura daga titi, ta tashi ta jawo ƙofar shagon.